Daga Malam zuwa Monita zuwa Yarinyar da Ba a Zaɓa Ba: Tarihin Fim ɗin Makaranta a Koriya

A shekarar 2014 ma'aikatan gidan adana fina-finai na Koriya ta Kudu suka yi dace har sau biyu. A rumbun fina-finai na ƙasar Sin suka gano Sueomnyo, wato Kuɗin Makaranta, fim ɗin 1940 da aka daɗe da cire rai da shi, a Taiwan kuma suka samo wani na 1965 mai suna Jeo Haneuredo Seulpeumi, ma'ana har a sama ma akwai baƙin ciki. Shekara ashirin da biyar ke tsakaninsu, da yaƙin duniya, da raba ƙasa biyu, da yaƙin Koriya, amma sai ka ce uwa ɗaya ta haife su. Dukansu daga rubutun ɗan aji huɗu na firamare aka ɗauko su, dukansu labarin yaro ne da talauci ya tsare wa hanyar makaranta, kuma a dukansu akwai malami mai tausayi da ke miƙo hannu. Wanda ya ajiye su kusa da fina-finan makaranta na Koriya na wannan zamani zai fara lura da bambancin tufafi da gine-gine da cikar ciki. Ni abin da na fi gani shi ne yadda hukunci ya sauya hannu. A farko babba ne ke yanke abin da ya dace, yaro ya bi. A tsakiya aka ba yaro zaɓi, amma da sunan manya yake zaɓa. Sai can baya-bayan nan aka bar masa zaɓinsa na kansa, ƙarami daidai tsawonsa, kuma a nan ne nake ganin wannan fanni ya fara yin maganar ɗa'a da gaske.

Tunanin cewa yaro mutum ne mai daraja tasa ba baƙo ba ne a Koriya kafin fim ya zo gare shi. Bang Jeong-hwan, marubucin da ya rasu a 1931 yana ɗan shekara talatin da 'yan kai, shi ya kafa mujallar yara ta Eorini a 1923, shi da abokansa kuma suka assasa Ranar Yara da har yau ake hutunta a ranar 5 ga Mayu. Amma ƙasar tana hannun Japan tun 1910, kuma duk wanda zai ɗauki kyamara sai ya bi ta gaban masu tace fim na gwamnan mulkin mallaka. Kuɗin Makaranta, wanda Choi In-gyu da Bang Han-jun suka ba da umarni, ya fito ne daga wani insha'i da ɗalibi a Gwangju ya rubuta ya ci kyautar gwamnan Japan. Jarumin fim ɗin, Yeong-dal, yaro ne a Suwon da iyayensa suka tafi fatauci suka daina aike, kakarsa ta kwanta ciwo, mai gida yana neman kuɗin haya, makaranta tana neman nata. Sai ya kama hanya a ƙafa shi kaɗai zuwa Pyeongtaek wurin gwaggonsa, tafiyar kilomita ashirin da wani abu, kuma da tsoro ya kama shi a daji sai ya rera waƙar sojan Japan don ya ƙarfafa zuciyarsa. A aji da Japananci ake magana, a gida da Koriyanci. Malamin mai kirki Bajapane ne. 'Yan ajin suka kafa akwatin taimako, iyaye suka dawo, kowa ya yi murmushi. Abin da babu wanda ya tambaya a cikin fim ɗin shi ne dalilin da ya sa ɗan Koriya ke biyan kuɗin firamare kowane wata alhali a Japan kanta an soke shi tun 1900. Yeong-dal bai taɓa tsayawa tsakanin abu biyu yana auna wanne ne daidai ba. An ɗora masa kaya, ya ɗauka bai yi ƙorafi ba, shi ke nan halin kirkinsa.

Za a iya cewa na yi wa fim ɗin rashin adalci, kuma maganar tana da ƙafa. Kyamarar da ta nuna ɗakin kaka babu shinkafa a tukunya ta faɗi abin da bakin 'yan wasa bai isa ya faɗa ba, kuma ɗan kallo a Seoul na 1940 ya san wanda ya jawo yunwar. Fim ɗin Choi na gaba, Jibeomneun Cheonsa na 1941, a kan yaran titi, ya ƙare da yara a jere gaban tutar Japan suna karanta rantsuwar biyayya ga sarki, duk da haka sai da masu tacewa a Tokyo suka datse shi. Na yarda da wannan duka. Sai dai wannan wasan ɓuya ne tsakanin darakta da babban ɗan kallo, manya biyu suna ƙifta wa juna ido ta saman kan yaro. Shi yaron da ke kan majigi, da wanda aka kawo daga makaranta ya zauna a sinima, darasi ɗaya suka tashi da shi: ka jure, babba zai zo. Kuma abin lura ne cewa Choi ɗin nan shi ne ya yi Jayu Manse a 1946, fim ɗin murnar 'yanci, shekara guda bayan tafiyar Japan. Tuta ta sauya, hannun da ke riƙe da kyamara bai sauya ba.

Haka ma siffar yaron ba ta sauya ba. Lee Yun-bok ɗan firamare ne a Daegu da uwarsa ta bar gida, uba ba lafiya, ƙanne uku a wuyansa, yana tallar cingam yana goge takalma, yana kuma rubuta abin da ya same shi kullum a littafi. Malaminsa ya taimaka aka buga littafin a 1964, Kim Soo-yong ya mai da shi fim a shekarar da ta biyo, wato wanda aka samo a Taiwan, ƙasa ta sha kuka, gudummawa ta yi ta kwarara. Fim ne mai kyau, kuma Kim gwani ne. Amma a lokacin Janar Park Chung-hee, wanda ya ƙwace mulki a 1961, yana buƙatar irin wannan yaron ainun: mai yunwa, mai haƙuri, mai himma, wanda ba ya tambayar kowa. Dokar fim ta 1962 da gyare-gyarenta suka ɗaure sana'ar da wata dabara, kamfanin da ya yi fim ɗin da gwamnati ta kira mai inganci, galibi na yaƙi da kwaminisanci ko na wayar da kai, shi ake ba lasisin shigo da fim ɗin waje, inda ribar gaske take. Daga 1968 kowane ɗalibi sai ya haddace Kundin Ilimin Ƙasa. Ɗalibi ba ya shiga sinima shi kaɗai, malamai na sintiri suna kama masu satar shiga, sai dai makaranta ta kwashi aji gaba ɗaya ta kai su abin da aka amince. Fim ɗin da zai rayu a irin wannan kasuwa dole malami ya fito da kyau a cikinsa. Ko jerin Yalgae na ƙarshen shekarun 1970, na ɗan sakandare mai tsokana da ya sa matasa dariya, ƙarshensa mai ƙiriniya ya shiryu ya koma taimakon abokinsa talaka. An ba shi damar ɓarna ne don a nuna tubarsa.

Ƙofar ta fara tsagewa bayan zanga-zangar Yunin 1987 da ta tilasta wa sojoji yarda da zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye. A 1989 malamai suka kafa ƙungiyar ƙwadago ta Jeongyojo, gwamnati ta kori kimanin 1,500 daga aiki, kuma a shekarar Kang Woo-suk ya fitar da fim ɗin da sunansa ke cewa farin ciki ba a jere yake bisa makin jarrabawa ba, a kan ɗalibar da matsin uwa da makaranta ya kai ta ga hallaka kanta. Jama'a suka cika sinima don ganin makaranta a matsayin mai laifi. Amma fim ɗin da ya fi cancanta a tsaya a kansa shi ne na Park Jong-won na 1992, Urideurui Ilgeureojin Yeongung, wato gwarzonmu mai karkatacciyar siffa, daga gajeren littafin Yi Mun-yol na 1987. Han Byeong-tae ɗan ma'aikacin gwamnati ne da aka yi wa ubansa sauyin wurin aiki daga Seoul zuwa ƙauye a 1959. Ya shiga aji biyar ya tarar da malamin ya sallama komai ga monita, Eom Seok-dae, wanda ya girmi sauran, wanda ake kawo wa ruwa da mafi daɗin abincin rana, wanda ke raba aikin shara da hukunci. Ajin shi ne na ɗaya a tsafta da wasanni da natsuwa, don haka malam ba ya son jin komai. Byeong-tae ya kai ƙara cewa monita ya ƙwace leta daga wani yaro, kafin malam ya tambaya an riga an mayar. Malam ya raba takardu kowa ya rubuta laifin da ya sani ba tare da suna ba, sai takardun suka dawo cike da laifuffukan mai ƙarar. Aka daina wasa da shi, makinsa ya zube. Ranar da ya karye, an ba shi goge tagogi ne, ya goge monita ya ce bai yi ba, ya sake gogewa ya ce bai yi ba, har rana ta faɗi kowa ya tafi, yaron ya fashe da kuka. Da ganin hawayen sai Seok-dae ya ce ya yi, ya tafi gida.

Abin da ya biyo baya shi ya sa fim ɗin ya wuce tsararsa. Miƙa wuya ta yi wa Byeong-tae daɗi. Ya zama na hannun dama, ba mai taɓa shi, har yana yi wa monita zanen darasin zane, ya kuma gano cewa haziƙan ajin kan goge sunansu a takardar jarrabawa su rubuta na Seok-dae, ya sani ya yi shiru. A 1960, shekarar da ɗalibai suka kori Shugaba Syngman Rhee bayan maguɗin zaɓen Maris, sabon malami matashi ya zo, wanda Choi Min-sik ya fito a matsayinsa. Ya ga zaɓen monita da kusan duk ƙuri'u suka tafi wuri ɗaya, ya yi shakka, ya bincika, ya zane Seok-dae da sanda a gaban aji har ya durƙusa. Daga nan ya sa yara su tashi ɗaya bayan ɗaya su faɗi abin da aka yi musu, waɗanda suka fi kowa fadanci jiya su suka fi kowa zagi yau. Da aka zo kan Byeong-tae, wanda shi kaɗai ya taɓa yin tawaye, sai ya ce bai san komai ba. Ga zaɓi na gaske, kuma fim ɗin bai gaya maka ko jarumta ce ko tsoro ko ragowar biyayya ba. Bai kuma bar sabon malamin da tsarki ba, don da sanda ya kawo 'yanci, kuma bayan shekara talatin, a wurin jana'izar tsohon malamin, ya bayyana a matsayin ɗan majalisa mai rusuna wa manya yana yabon mamacin da ya taɓa rainawa.

Ba a nan gizo ke saƙar ba, domin wannan aji ba aji ba ne, ƙasa ce. Monita shi ne mai mulkin kama-karya, malam na fari shi ne hukumar da ta runtse ido, Byeong-tae shi ne ɗan boko da ya sayar da bakinsa don kwanciyar hankali. Kowa a Koriya ta 1992 ya karanta shi haka, kuma haka aka nufa. Yaran sun samu zaɓi, amma aron jikinsu aka yi don manya su yi wa kansu shari'a kan shekaru talatin na mulkin soja. Da Kotun Tsarin Mulki ta soke tace fim kafin fitarwa a 1996, sai dam ya ɓalle: fatalwar ɗaliba a Yeogo Goedam na 1998, malamin da ke karɓar ambulan daga iyaye aka tura shi makarantar ƙauye mai ɗalibai biyar a fim ɗin Seonsaeng Kim Bong-du na 2003, sai Dogani na 2011 a kan cin zarafin yara kurame a wata makaranta a Gwangju, wanda ya sa majalisa ta gyara doka cikin 'yan makonni. Mafi yawansu ba na yara ba ne ko kusa. Sun juya tsohon hoton ne kawai, malam ya tashi daga mai ceto ya koma wanda ake tuhuma, amma har yanzu shi ne a tsakiya.

Urideul na Yoon Ga-eun, wanda aka fara nunawa a sashen yara na bikin fina-finai na Berlin a 2016, shi ya ɗauke malam daga tsakiyar gaba ɗaya. Yana nan a ajin, mutumin kirki ne, ba ya duka (tun 2011 doka ta hana dukan ɗalibi kai tsaye), amma bai ga komai ba. Fim ɗin ya buɗe da fuskar Sun, 'yar aji huɗu, ana zaɓen 'yan wasan jifa da ƙwallo. Kyamara ba ta bar fuskarta ba, muryoyi kawai ake ji ana kiran sunaye, murmushinta yana raguwa da kowane suna har ta rage ita kaɗai. Da aka fara wasan wata ta ce ta taka layi, ba wanda ya tsaya mata, ta fita. A hutun bazara ta haɗu da Jia, sabuwar zuwa, suka shaƙu, Jia ta kwana gidansu, suka daka furen bongseonhwa suka ɗaure a farce kamar yadda 'yan mata ke ƙunshi da lalle. Da aka koma makaranta Jia ta gane wace ce Sun a idon aji, ta koma wajen Bora, tauraruwar ajin da suke zuwa lesin na kuɗi tare, irin makarantun yamma da ake kira hagwon, wanda uwar Sun mai sayar da abinci ba ta iya biya. Daga nan kowace ta ɗauki sirrin da aka ba ta a lokacin aminci ta mai da shi makami. Jia ta bayyana cewa uban Sun mashayi ne, Sun ta tona cewa uwar Jia ba a Ingila take ba kamar yadda Jia ke faɗa, aure ne ya mutu, kuma ita ma an ware ta a tsohuwar makarantarta. Bora ma ba shaiɗaniya ba ce, yarinya ce da Jia ta ƙwace mata na ɗaya a jarrabawa ta zauna tana kuka a ɓoye. Wanda ya ba Sun abin tunani ƙaninta ne ɗan ƙarami, wanda abokinsa ke yawan yakushe shi. Ta ce ya rama, ya nuna mata cewa in ya rama aka rama ya sake ramawa, lokacin wasa ya ƙare, shi kuwa wasa yake so. A fage na ƙarshe aka ce Jia ta taka layi, Sun ta ce ta gani, ba ta taka ba. Ba a rungumi juna ba, ba a nemi gafara ba.

Mai karatu da ya saba da cewa fim sai da faɗakarwa, kamar yadda masu fim a Kano kan ce aikinsu ke nan, zai tambaya ina darasin, tunda ba a hukunta mai laifi ba kuma babba bai yi nasiha ba. Tambaya ce mai nauyi, don yaro yana buƙatar a gaya masa cewa ƙarya ba kyau, cin amana ba kyau. Amma Sun ta san wannan tun kafin fim ya fara. Abin da ba ta sani ba shi ne yadda ake yin gaskiya ga wadda ta ci amanarka, a gaban mutum ashirin da za su iya sake ware ka gobe, ba tare da wani babba zai yaba maka ba. Wannan ba a koyonsa da hadda. Yeong-dal na 1940 bai da abin da zai rasa in ya yi daidai, duk duniya tana bayansa, har gwamna ya ba da kyauta. Sun tana da abin rasawa, kuma ita ma da hannunta a ɓarnar, don ta ɗauki kuɗin uwarta ta sayi kyautar neman shiga, ta kuma tona asiri. Yaron da ke kallo zai iya ganin kansa a cikin mai laifi da wanda aka zalunta a lokaci guda, abin da tsofaffin fina-finan ba su taɓa yarda ya gani ba. Yoon ta bi wannan ra'ayi har wurin ɗauka: ba ta ba yaran rubutaccen labari su haddace ba, takan bayyana musu halin da ake ciki ne su nemo kalmominsu, ta kuma ajiye kyamara daidai idonsu, shi ya sa manya sukan shigo hoton rabi-rabi.

Ƙorafin da ya fi wannan ƙarfi shi ne na lissafi. Urideul bai wuce 'yan kallo wajen dubu hamsin a sinima ba, a ƙasar da babban fim kan tara miliyan goma, kuma da yawansu manya ne masu tuna ƙuruciya. Yaran Koriya na yau suna hagwon har dare, in sun samu sarari katun da waya suke kallo, ga su kuma suna raguwa, don a 2023 adadin haihuwa ya faɗi zuwa 0.72 ga kowace mace, makarantun ƙauye suna ta rufewa. Ana iya cewa fim ɗin da na ɗaukaka fim ne a kan yara, ba na yara ba, kuma na zamanin Park aƙalla yara sun gan su. Sun gan su, amma a sahu aka kai su. Shi kuwa Urideul ta wata ƙofa ya isa gare su, domin an sa shi a littafin harshen Koriya na aji huɗu, a babin da ake nuna wa ɗalibai fim a ce su ƙirƙiro fagen da zai biyo baya. Ma'aikatar da a 1968 ta ba yara kundi su haddace ita ce daga baya ta koma tambayarsu abin da Sun da Jia za su yi gobe da safe. Ban ɗauki wannan a matsayin an gama ba. Darasi ne da malami ke jagoranta, a tsarin da komai ke ƙarewa a maki, kuma yaro mai wayo ya san amsar da malam ke son ji, zai rubuta cewa sun shirya sun zama aminai ko da a filin wasa shi ne ya ce an taka layi.